Alhaji Ya Buɗe Hannu a Riyo

Tun ranar Litinin wayata ba ta huta ba. Wani yayanmu ya tafi Riyo de Janairo yawon buɗe ido, mu kuma 'yan zauren WhatsApp na dangi mu ke biyan wahalar. Ana tsakiyar maganar gudummawar biki, sai ka gan shi ya faɗo, hannuwa a buɗe, haƙora a waje. Ka goge, ga wani. Hoton ɗaya ne fa, hular ce kawai ke canza karkata.

Kun san wurin. Kan dutsen Korkobado, mita 700 sama da gari, inda aka ƙaddamar da mutum-mutumin Yesu a 1931. Tsayinsa mita 30, daga wannan tafin hannu zuwa wancan mita 28, shekara 9 ana aikinsa. Shi kuwa Yaya Alhaji, wanda gabarsa ba ta cika mita 2 ba, ya ga ya kamata ya taya shi. Ba shi kaɗai ba kuma. Dandalin matsattse ne, kowa kuwa sai ya buɗe nasa hannun, don haka Bajamushe na marin ɗan Sin, ɗan Sin na tsokane idon Balarabe, kowa na murmushi. A nan ne za a kwaɗa maka mari ka ce a sake, bai fito da kyau ba.

To, kan mutum-mutumin ba ya shiga hoto sai mai ɗauka ya kwanta rigingine a ƙasa. Da layi ya zo kan Hajiyarsa, Alhaji ya kwanta. Alhajin da ko cokali ne ya faɗi gabansa sai ya ƙwala wa yaro kira daga zaure! Ga shi shame-shame cikin shadda mai sitati, baƙi na tsallake shi. Ta duba ta ce ya sare mata ɗankwali. Ya koma. Ta ce ya gajarta ta. Ya koma. Kafin ya daidaita hannu gajimare ya sauko ya lulluɓe mutum-mutumin ɗungurum, aka samu hoton Hajiya tana rungumar hazo, abin da hunturun Kano ke bayarwa kyauta. Wannan ma an turo mana.

Na ce masa, "Yaya, ya ka ga Marakana?" Filin ƙwallon da Uruguwai ta ci Barazil 2 da 1 a 1950, ta rufe bakin mutane kusan 200,000. Ya ce, "Babba ne." Shi ke nan labarin.

Hotunan Rosinya ne suka ɓata mini rai. Unguwar talakawa ce a jikin dutse, gida bisa gida, kuma akwai masu karɓar kuɗi su zagaya da baƙi ciki. Alhaji ya biya, ya ɗauki shanyar mutane, ya ɗauki 'ya'yansu ba sallama ba izini, ya rubuta "Allah sarki" a ƙasa. Mutumin da in almajiri ya doso motarsa gilashi yake ɗagawa. Ashe tausayin nasa sai da biza yake aiki.

Sai kuma ƙosai. Ya turo hoton wata mata cikin fararen kaya, irin shigar matan jihar Bahiya, tana suya a bakin titi, ya ce mu ga abincin ƙasar waje, wai akaraje. Yaya, wake ne aka surfa aka markaɗa, sai dai su a manja suke soyawa, su tsaga shi su cusa jatan lande da yaji. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai shi can. Cikin waɗanda aka sauke a Bahiya har da Hausawa, da su aka yi boren Musulmi na birnin Salbado a azumin 1835. Bai tambaya ba, ba a hoto da wannan.

Amma dai na ƙura wa ƙosan nan ido, cike yake da tafin hannu. Wanda ake sayar mana da safe yanzu, in ka yi atishawa a gaban tiren sai ka biya mai shi. Ka yi magana ta ce wake ya hau, mai ya hau, itace ya hau. Yajin ma yanzu da bakin cokali ake auna mana shi.