Taubashi, Ka Rabu da Bangon Kaka

Leeds, Ingila

Taubashi sarkin shan rake,

Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo da iyali da duk mutanen Kudan. Hoton da ka turo ta WhatsApp ya iso. Da farko na ɗauka taswirar Najeriya ka zana a bangon zauren Kaka, har ina laluben inda Kwara ta haɗu da Binuwai. Sai da na ƙura ido na gane filastar da ka sa aka yi bara ce ta ɓamɓare. Yanzu kuma wai in turo kuɗin buhun siminti goma a maimaita. Ajiye raken nan tukuna ka saurare ni.

Ka san gyaran bango shi ne abincina a nan. Turawan nan suna da wata filasta da suke ji da ita: a shafa siminti, tun yana ɗanye a riƙa watsa masa tsakuwa har ta manne. Gidajen da aka gina daga 1920 zuwa 1939 da yawansu haka suke, unguwa guda sai ka ce kantun riɗi aka jera a faranti. Ranar da maigidana ya tsaya yana yi mini bayaninta, na ce masa a wajenmu cafe ake ce mata, baƙar ƙasa da ruwan makuba, a danna tsakuwa a kai. Ya saki baki. Na ce kakanninmu sun daɗe da gama wannan karatu.

Makon jiya muka yi wa wata tsohuwa aiki. Kafin mu fasa komai sai da muka bi bangon da ƙaramar guduma muna ƙwanƙwasawa. Inda ya kama, ƙarar a cushe take. Inda ya saki kuwa sai ka ji yana amsawa kamar tulun da ba ruwa, nan za mu zagaye da alli. Tsagar da ta jawo ɓarnar ba ta fi zare kauri ba. Ta nan ruwan sama ke shiga ya kwanta a baya, sanyi ya zo ya daskarar da shi, ƙanƙara kuwa kumbura take yi da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta ture filasta. Na sa hannu na ja, wani ɓangare mai faɗin tabarmar sallah ya biyo ni. Tsohuwar ta riƙe kai, sannan ta kawo mana shayin da mai shayi a Hunkuyi zai ji kunyar miƙa wa baƙo, amma da zuciya ɗaya ta kawo, muka shanye.

Mun kankare har sai da bulo ya fito, muka wanke ƙura, muka yi shafin farko muka karce shi don na biyu ya sami makama. Bayan kwanaki aka yi na biyu aka watsa tsakuwa. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 5 ba ma taɓa kwaɓi, sai jira.

Ga abin da nake so ya shiga kunnenka. Mutumin da ya yi rajistar simintin nan da kake wa kallon maganin kowace cuta, Joseph Aspdin, birkila ne ɗan garin nan Leeds, a 1824. To 'yan garinsu ma yau ɓamɓare siminti suke yi daga tsofaffin gidajen dutse, suna komawa farar ƙasar da ake ƙonawa daga dutse, domin ita tana barin danshi ya fita. Siminti a kan jar ƙasa auren dole ne. Ƙasa tana shan danshi ta kumbura, rani ya zo ta tsuke, shi kuwa gogan yana nan ƙiƙam, ba ya bin ta. Ruwan da ya shiga tsakaninsu ba ya fita, sai ya riƙa cin tubali ta ciki. Ga shi bangon gabas ne, inda hadarinmu ke fara duka. Kuma na hango indararon nan a hoton, ya karye, duk markar Agusta a jikin bangon take sauka. Kai ba ka gani ba, hankalinka yana gonar rake.

Don Allah ka gyara indararo tun yau. In kaka ta yi, a cire simintin gaba ɗaya, ka nemo tsohon magini, ko a Likoro ko ka dangana da Zariya, a yi yaɓe da makuba, a bi gabas da cafe. Rufin soro kuma a tambaye shi laso, na katsi da gashin jima da dafara. In zuciyarka na raina ƙasa, ka leƙa tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ka ga bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaure tun shekarun 1830. A zauren nan Kaka ya koya mana alif da ba, ba na so in dawo in tarar da kufai.

Kuɗin aikin zan turo ta hannun Gwaggo, domin in suka biyo ta hannunka ranar Laraba, a wajen mai tsire a kasuwar Makarfi za su kwana. Maganar kuɗin shara kuwa sai bango ya tsaya. In ka sami mai zuwa, a saƙo mini mazarƙwaila da busasshen tumatirin Ikara, na nan ja ne kawai a ido.

Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ina sa rigar sanyi biyu kamar yadda ta ce.

Naka,
Taubashinka na Leeds