Masu Gadin Tsuntsayen Tsakar Gida

Nijeriya na da tsuntsaye sama da nau'i 900, amma masu zaman kallonsu a tsakar gida 'yan kashi kaɗan ne, kuma kowace unguwa tana da nata.

Akwai Mai Waya. Kurciya na sauka kan katanga zai zaro wayarsa, ya yi ta jan hoto da yatsu har komai ya dagule. Kafin ya danna, ta tashi. Da yamma sai ya tura wa dangi hoton katanga da wani ɗigo toka-toka, ya rubuta: "Ku dubi ikon Allah." Ikon Allah kam an gani, kurciya ce dai ba a gani ba.

Yayansa shi ne Mai Doguwar Kyamara, wadda kuɗinta zai sayi babur. Tun da hantsi yake tsugune bayan randa, yana jiran baiwar Allah, 'yar jan tsuntsuwar nan mai tsintar tsaki a gindin turmi. Yaro ya yi tari, a harare shi. Uwargida ta zo ɗibar ruwa, a ce ta dakata. Matsalarsa ɗaya ce: tsuntsu bai san iyakar gida ba, yakan koma katangar maƙwabci, kuma har yau ba a haifi magidancin da zai ga an saita kyamara wajen gidansa ya yarda cewa hankaka ake ɗauka. Irin wannan sau da yawa a zauren mai unguwa yake ƙarasa bayaninsa.

Malam Na-Sani kuwa ya taɓa leƙa dajin Amurum kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis take. Tun daga ranar, duk jan tsuntsun da ya faɗo gidansa a Kano sai ya rantse cewa shi ne na duwatsun Filato wanda masana suka bayyana a 1998.

Mai Sadakar Gero ba ya fashin watsa hatsi don tsuntsaye. Kajin maƙwabta sun yi ƙiba.

Sai waɗanda ba su taɓa kiran kansu masu kallon tsuntsu ba. Hajiya mai 'yan tsaki tana daka, amma ido ɗaya na sama. Inuwar shirwa kawai za ta gilma ta kwatsa ihu. Baba manomi ya san bishiyar da shamuwa ke sheƙa, ranar da ta iso zai ce a fito da iri. Shi ne ma ya fara tambayar ina ungulayen mahauta suka shiga, tun kafin a sa su cikin jerin tsuntsaye masu dab da ƙarewa a 2015. Yaro mai danƙo ya san kowace sheƙa da lokacin ƙyanƙyasa, sai dai niyyarsa ta gashi ce.

A ganina yaron nan ya fi kowa ido. Mai Doguwar Kyamara, don Allah ka karɓe danƙon nan, ka ara masa kyamarar.