Kawu da Takalmin Dubai

Lambar ƙafar Kawu 44 ce, kowa a gidanmu ya sani. Takalmin da surukinsa ya kawo masa tsaraba daga Dubai kuwa 42 ne: baƙi, sau-ciki, mai tsinin baki, sai sheƙi yake yi. Ranar da ya fara gwadawa, ni na durƙusa ina taya shi da bayan cokali, yana turawa yana nishi. Na ce, "Kawu, anya bai yi muku kaɗan ba?" Ya harare ni. "Fata ce ta asali, yaro. Buɗewa take yi."

Fatar takalmi dai ta ƙi buɗewa. Ta ƙafar Kawu ce ta ji jiki.

Babu ɗaurin aure ko suna da ya wuce bai je da shi ba. Kafin hunturu ya kama, ƙaramin yatsansa na dama ya fitar da kanta, ba ta fi ƙwayar dawa ba, amma ta mai da dattijo ɗan ɗingishi. Ya sayi sanda, ya ce wai ado ne.

Kanta ba cuta ba ce da ake ɗauka a wurin wani. Duk inda ake yawan gugar fata ko danne ta, sai samanta ya yi kauri don ya kare naman da ke ƙasa. Shi ya sa manomi ke da ita a tafin hannu, daidai inda ƙotar fartanya ke zama. Irin wannan mai faɗi ba ta cika damun mutum ba. Mai fitinar ita ce irin ta Kawu: tana da ido mai tauri a tsakiya, tsininsa na kallon ciki, ga ƙashin gaɓa a ƙarƙashi, duk taku ɗaya sai takalmi ya danna shi cikin nama. Akwai kuma fara mai laushi da ke fitowa tsakanin yatsu, galibi na huɗu da na biyar, inda gumi ke kwanciya.

A majalisar ƙofar gida ba wanda ya kalli takalmin. Baki ya zo ɗaya cewa kantar Kawu saiwa gare ta, sai an tumɓuke. Wani tsohon direba ya rantse da ruwan batir. Wani ya ce kananzir da gishiri. Tela ya ce a daka tafarnuwa a ɗaura ta kwana. Allah ya taimake mu Kawu ya zaɓi ta tela, don ita ce ba sai an fita saye ba. Daren nan matarsa Hajiya ta miƙo masa matashi ta nuna masa falo. Da safe aka kwance tsumma, kanta tana nan daram, fatar da ke kewaye da ita ce ta tashi ta yi ruwa. Ɗanyar tafarnuwa ƙuna take yi idan ta daɗe a kan fata, tela bai faɗi wannan ba.

Sai ga mai yankan farce yana wucewa yana kaɗa almakashi. Kawu ya kira shi. Iyakar abin da na iya shi ne na ruga shago na sayo sabuwar reza, domin wadda aka yanki wani da ita tana iya ɗauko ciwon hanta. Saurayin ya ɗora ƙafar a gwiwarsa, ya dube ta irin duban gwanaye, ya ce, "Alhaji, ai ga saiwar nan ina gani." Ya fere sama, Kawu na murmushi. Ya zurfafa, murmushi ya ɗauke. Da ya karkata bakin reza zai haƙo, Kawu ya saki wani salati da ya sa maƙwabta leƙowa suna tambayar wa ya rasu. Jini ya ɓata bakin wando. Saiwa ba a gan ta ba, don babu ita. Mai yankan farce ya tattara kayansa, ko kuɗin aiki bai tsaya karɓa ba.

Yatsa ya kumbura, dole muka nufi asibiti. Kawu ya sa silifas a dama, na Dubai a hagu, ya ce kada a ɗauka ba shi da takalmi.

Tambayar farko da ma'aikaciyar jinya ta yi ita ce, "Baba, kuna da ciwon suga?" Ta soki yatsan hannunsa ta auna, aka ga babu. Ta wanke ciwon, ta yi masa allurar tetanos, sannan ta dubi ƙafar hagu ta daɗe tana kallo. "Baba, ga mai laifin nan kun taho da shi." Kawu ya ce fata ce ta asali. Ta ce ko ta damisa ce, in bai cire ba kanta za ta dawo, sau nawa aka yanke kuwa.

Maganin da ta faɗa bai kai kuɗin sanda ba. In ciwon ya warke, a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 5 zuwa 10, a goge wurin a hankali da dutsen kaushi, kaɗan yau kaɗan gobe, ba sai an ga ja ba. A tsane ƙafa har tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya ko basilin, a sa safa. Takalmi kuma da yamma ake saye, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini; a sa duka biyun, a miƙe tsaye, a bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Ta ja masa kunne kan filastar kanta da ake samu a kemis: sinadarin salisilik da ke cikinta yakan kai kashi 40 cikin 100, kuma bai san matacciyar fata da mai rai ba, inda ya taɓa nan yake ci.

Kawu ya koma buɗaɗɗen takalmin fata ɗinkin Kano, kanta ta lafa cikin 'yan makonni, sanda ta koma bayan ƙofa. Na Dubai ana fito da shi ne kawai ran da suruki zai zo gaisuwa, a goge a ajiye a bakin falo.

Abin da ya sa muke dariya shi ne sugan Kawu lafiya lau yake. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, ya rage gudun jini, mutum ya yanke bai sani ba, ɗan ciwo ya zama gyambo, wani har a kai ga yanke ƙafar. In akwai mai suga a gidanku, ku riƙa duba masa ƙafa kullum, sama da ƙasa. In kun ga kanta, ba reza, ba filasta, ba tafarnuwa; ku kai shi asibiti ko da ya ce ba ta yi masa ciwo.