Ɓerayen Oak Ridge

Ranka ya daɗe, kafin ka sa hannu a takardar sallamar dattawan nan da ke yawan ce wa samarin sintirinmu "ku dakata", ka ba ni aron kunnenka.

A shekarun 1940, a wani ɗakin bincike da ke Oak Ridge a Amurka, aka fara haifar wasu ɓeraye maza masu ban tausayi. Fatarsu sai ɓarewa take yi, saifa ta kumbura, kaluluwa ta fito, cikin 'yan makonni su mutu. Babu wata cuta da ta shigo musu daga waje. Dakarun garkuwar jikinsu ne, ƙwayoyin da ake kira T, suka juya suna cin naman gida. Kuma dakarun nan lafiyarsu ƙalau, ƙarfinsu ma har ya yi yawa.

Can a Japan, Shimon Sakaguchi ya dage cewa a cikin rundunar akwai wasu 'yan tsiraru da aikinsu kawai su tsawatar, kamar dattawan nan namu. A lokacin yawancin masana sun yi watsi da wannan magana, amma bai saki ba. A 1995 ya nuna su: idan aka cire su daga jikin ɓera, sai garkuwarsa ta afka wa gaɓoɓinsa, idan aka mayar da su, sai a zauna lafiya. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano cewa ƙwayar gado guda ɗaya, Foxp3, ita ce ta lalace a ɓerayen Oak Ridge, daga baya aka tabbatar ita ke samar da masu tsawatarwar. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2025.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne jarirai. Idan ƙwayar gadon nan ta lalace a jikin yaro namiji, yakan kamu da cutar IPEX: gudawa ba tsayawa, ƙuraje a fata, ciwon suga tun yana goye. Uwa na riƙe da ɗanta yana ramewa, alhali mai tsaronsa ne ke cinye shi.

Likita kuwa, in ba a samu yin dashen ɓargo ba, dole ya ba da maganin da zai raunana rundunar baki ɗaya, na kirki da masu ɓarna, ya bar yaron kowace cuta ta zo ta same shi ba mai tare ta.