Mu da Fim ɗin Raj da Simran

A unguwarmu, in aka kawo wuta da daddare, aka ji wani gida an saka Dilwale Dulhania Le Jayenge, ba sai an yi gayya ba. Matan aure su shigo da goyo, 'yan mata su shimfiɗa tabarma, samari su yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Kowa ya san ƙarshen labarin, amma ba mai tashi sai an cinye awa ukun nan.

Tun 1995 Aditya Chopra ya fitar da shi, Shah Rukh Khan a matsayin Raj, Kajol kuma Simran. Mun kalle shi a kaset, mun kalla a faifai, yau ga shi a waya. Indiyawan ma ba su ƙoshi ba, domin sinimar Maratha Mandir ta Mumbai tun a 2014 ta haura mako 1,000 tana haska shi.

Muna son rawar, babu musu. Da an nuno gonar nan mai furanni ruwan ɗorawa a Punjab, muryar Lata Mangeshkar ta tashi, sai ka ga kawuna suna kaɗawa, har masu cewa sun girmi kallo. Amma gardamarmu kullum a kan Raj take. Uban Simran ya riga ya yi wa ɗan amininsa alkawarinta. Uwarta ta kawo gwalagwalanta ta ce su gudu, Raj ya ƙi, ya ce sai uban ya ba shi ita da hannunsa. Nan za ka ji wata dattijuwa ta ce, "Kun gani ko, 'yan nan? Ɗan halak ke nan!" Wani saurayi ya amsa, "Inna, ai ya sha duka kafin ya samu."

Wannan ne ya kama mu. Mun san alkawarin iyaye, mun san yarinyar da ke haɗiye kukanta don kunya. Shi ya sa in Amrish Puri, wanda ya fito a matsayin uban Simran, ya saki hannun 'yarsa a tashar jirgin ƙasa, ta ruga ta kama hannun Raj, ɗakin yakan kaure da tafi.

Soyayyar da ta nemi albarkar iyaye ba ta tsufa a wurinmu. In an sake sakawa, maƙwabci, ka taho da kujerarka.