Zuwa ga Sarkin Ruwan Mandera

Allah ya ja zamanin Sarkin Ruwa! Labari ya iske mu har Bodinga, taubashi, cewa an yi naɗi a gidanka cikin dare, ba tambari ba algaita, sai ƙarar bututun da ya fashe da salatin mata. Ikon Allah ke nan: gwamnati ta zuba kuɗi ta yi madatsar ruwa a Shagari, kai kuwa ɗan gwaggona ka yi taka a tsakar gida, cikin watan Afrilu, lokacin da tsuntsu ma ke neman inda zai jiƙa baki. An ce da asuba aka gan ka, wando a naɗe har gwiwa, kana farautar takalmanka. Da ka aiko da wuri, da mun gayyato maka Kabawa da homa da gora. Su tun 1934 suke bikin su a Argungu, sai su nuna maka yadda ake yi.

Ka san dai ni ɗan namiji ne, haƙƙina ne in yi wa bawana karatu, don haka ka natsu.

Da ka haƙa rijiyar burtsatse, ka ɗora tankin lita 2,000 a kan ƙarfe, ai ba mu sha ruwa ba. Duk majalisar da ka zauna sai ka ce: "Ni wanga gida nawa an gama jan guga." To madalla. Amma da aka zo sayen bututu sai halin ya motsa. Bututun roba iri biyu ne a shago: akwai mai kauri wanda aka yi don ɗaukar matsin ruwa, akwai marar kauri wanda aka yi don ya fitar da ruwan wanka da na wanke-wanke zuwa kwata. Mai shago ya faɗa maka farashin kowanne, kai kuma kunnenka ƙaramin kuɗin kaɗai ya ji. Araha ba ta ado, taubashi, balle ta riƙe ruwa.

Ko da ma mai kaurin ka saya, yadda ka shimfiɗa shi ya isa ya kashe shi. Ka bi da shi ta jikin katanga, a fili, rana na dukansa tun hantsi har la'asar. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin irin wannan bututu an auna shi ne a zafin digiri 20 zuwa 23. In zafi ya kai digiri 43, rabin ƙarfin nan ya tafi, in ya wuce 60 kuwa masu yin sa ma sun ce babu ruwansu. Mu nan ƙasar Sakkwato, a bazara inuwa kanta takan haura digiri 40, ina ga abin da ke kwance a rana? Sannan hasken rana yana cin robar a hankali: launinta ya koɗe, ta bushe, ta daina lanƙwasa. Daga nan ko akuyarka ce ta taka shi da ƙafa, shi ke nan. Da ka tona ƙasa kamu ɗaya, ka zuba yashi, ka kwantar da shi babu dutse a ƙarƙashi, ka rufe, wanda ya rage a waje kuma ka shafe shi da farin fenti ko ka yi masa rufi, da yanzu kana nan kana ci gaba da cika mana baki.

Batun wanda ya yi aikin kuwa, gwaggo ta ce kada in tona. Zan dai ce ban taɓa jin mai gyaran famfo na gaske yana gasa bututu a garwashi don ya lanƙwasa shi ba, alhali ga gwiwar bututu ana sayarwa. Inda aka gasa nan yake yin laƙas, nan kuma yake fara tsagewa. Gam ɗin haɗi ma yana son a goge bakin bututu, a shafa, a bar shi ya kama kafin a sako ruwa. Da wurin ya fara tsatsafo tun watannin baya, me ka yi? Ka yanko robar tayar keke ka ɗaure, ka ja da baya kana kallon aikinka da murmushi.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Bututu kan fashe a gidan kowa, har gidan wanda bai yi ƙauro ba. Abin da ke bambanta jiƙewar tabarma da faɗuwar ɗaki shi ne tsawon lokacin da ruwan ya yi yana zuba. A ƙarƙashin tankinka akwai bawul, abin da yaro ma zai murɗa ya tsayar da ruwan gidan gaba ɗaya. Sai ka kwance hannunsa ka ɓoye, wai kada mata su yi maka ɓarnar ruwa. Daren da abin ya faru uwargida ce ta fara ji, ta je gindin tanki ta iske ba abin kamawa. Aka tashe ka, ka tsaya tsakar gida kana lalube a aljihu kana cewa: "Ina nis sa shi?" Ina ka sa shi kuwa! Matan nan su ke wuni a gidan, su ke jin ƙarar da ba su saba ji ba, kai kana kasuwa ko gona ko majalisa. Gidan da mai gida kaɗai ya san yadda ake rufe ruwa, ruwan gidan a buɗe yake. Ka mayar da hannun nan, ka tara matan da manyan yara ka nuna musu, ka kuma sa wani bawul a hanyar banɗaki da wani a ta madafi, don in gefe ɗaya ya ɓaci a rufe shi ba tare da an hana kowa alwala ba.

Ka ƙara da barin makunnin injin rijiya a kunne, aka kawo wuta cikin dare, tanki na zubewa ta ƙasa injin na cika shi ta sama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, cikin tankinka ɗaya nauyin buhun gero 20 ke nan, kuma ba ciki ɗaya ya sauka a gindin bangonka ba. Akwai ɗan makunni mai iyo da ake sawa a tanki ya kashe injin in ya cika. In kuɗinsa zai sa maka hawan jini, to ka riƙa kashe injin da hannunka kafin ka kwanta, bututun da ke zubar da rarar ruwa kuma a kai bakinsa gindin dogon yaro, nesa da gini.

Ginin ƙasa ba ya tsoron damina kamar yadda yake tsoron wannan. Ruwan sama ya doke shi, indararo ya watsa na soro nesa, rana ta fito ta busar. Ruwan da ya kwanta a gindinsa shi ke hawa cikin tubali a hankali har ƙasar ta koma laka a ƙarƙashin nauyin azara. Yaɓen simintin da ka yi don a ce ka waye shi ya rufe maka ido, danshi na ciki ba hanyar fita. Alamu kuwa sun daɗe suna yi maka sallama: duhun danshi a ƙasan bango, farin gishiri yana fitowa, yaɓe ya kumbura, gara ta kafa sansani, ga ciyawa shar a lungu tsakiyar rani. Kai ka ce albarka ce. Mutanen da ruwan Goronyo ya ci gidajensu a watan Satumban 2010, har ya yanke gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su ne za a yi wa jaje da sunan ƙaddara. Taka ambaliyar tana da hannun murɗawa, yana cikin aljihun wata tsohuwar rigarka.

In an gama gyara, ga gwajin da ba ya cin ko sisi, na san shi zai fi yi maka daɗi. Da dare ka rufe kowane famfo, ka sa alama a inda ruwa ya tsaya cikin tanki, da safe ka duba. In ya ragu, akwai inda yake sata. Kada ka raina ɗigo: famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kusan jarka guda a kwana ɗaya, kuma ɗan kududdufin da yake tarawa ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe cikin kwana goma. Ka kuma duba kada bututun ruwan sha ya bi ta gefen masai.

Bangon nan kada ka yi gaggawar yaɓe shi don gudun kunyar baƙi. A ɓanɓare simintin da ya kumbura, a tokare azara, a buɗe taga ya sha iska har ya bushe ciki da waje, kuma a hana yara kwana a ɗakin. Geron da ya jiƙe a baza shi a rana yau ɗin nan. Wanda ya riga ya yi fumfuna a zubar, gubarsa hanta take ci, kada ƙauro ya sa ka ce a yi mana fura da shi in mun zo jaje.

Za mu zo ranar Juma'a bayan an sauko. Ladan wannan karatu zabi biyu ne, kuma ka haɗa da kuɗin sharar bara da ka cinye.