Zuwa ga Taubashina na Aliero, Sabon Mai Reno

Taubashi, ina ɗari? Kada ka yi saurin ce mini "lokacinai na", domin labarinka ya riga ka isowa Jega. An ce uwargida ta tafi Maiyama wajen ƙanwarta da ta haihu, ta saɓa na goye, ta bar maka manyan uku a tsakiyar hunturu. Goggo ce ta tsegunta mini, tana magana tana dariya har da tari. Ta ce ranar farko ka kwaso su gaba ɗaya ka dire mata a ƙofar ɗaki, ita kuwa ta nuna maka gwiwoyinta, ta ce ta gama nata renon tun kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, wanda ya haifa ya ji da abinsa. Allah ya ƙara wa Goggo lafiya, ta biya ni.

Ba kai ne kake zama a teburin mai shayi kana tambayar wai me mata suke yi a gida tun safe har dare ba? To, ga amsa ta zo maka har gado, da majina a hanci.

A fara da wanka, tunda nan aka fara jin kanku a unguwa. Yaro a watan Janairu ya fi ƙaunar bulala a kan ruwa, kowace uwa ta san haka. Shi ya sa take tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta sirka ruwan, ta tsoma gwiwar hannu ta ji zafinsa, ta zaɓi lungun da iska ba ta bugawa, ta jira hantsi ya ɗan leƙo, sannan ta kamo su ɗaya bayan ɗaya da lallashi da alkawarin ƙosai. Kai kuma ka tsaya tsakar gida da bokiti da soso kana kiran suna kamar mai rabon taki. Babban ya haura katanga ya faɗa gidan maƙwabta. Ta tsakiya ta shige ƙarƙashin gado ta ce ita ta yi nata jiya. Ƙaramin da ƙafarsa ba ta kai gudu ba shi ya shiga hannu, aka ce ihunsa sai da ya sa liman ya aiko a tambaya ko lafiya. Daga ranar ka kafa sabuwar doka, wai wanka sai Juma'a, sauran kwanaki a shafe fuska da ƙafa. Ko shafa man ma ba ka iya ba. Basilin ana murza shi ne a tafin hannu ya narke, a bi gwiwa da dunduniya da bayan kunne, inda kaushi da faso suke fara sallama. Kai ka kwaso shi da yatsa uku ka laɓta musu a goshi, suka fita ƙura ta manne, suka dawo gida kakarsu ba ta gane su ba.

Abin da ya fi ba ni kunya a madadinka shi ne rigar sanyi. Aliero gari ne da aka san shi da masu ɗori. Daga jihohi masu nisa, har daga Nijar, ake kawo wanda ya karye a haɗa masa ƙashi ya koma gida da ƙafarsa. A ce ɗan wannan gari ya kasa zura hannun yaro ɗan shekara uku a hannun riga? An ce kai ya shiga ta inda hannu zai fita, yaro ya maƙale a ciki yana kiran innarsa, kai kuma kana zagin mai gwanjo. Hular ta tsakiya tana kan babban, safar ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗiya, haka suka tafi makarantar allo. Malam bai ce komai ba, ya dai tambaya yaushe uwarsu za ta dawo.

Kunu kuwa ban so in taɓo shi ba, don akwai zumunci. Tun 2006 aka kafa muku jami'ar kimiyya da fasaha a gari, kullum kuna yi mana gori da ita, amma kimiyyar dama gasara ba ta ƙetaro katangarta ta iso gidanka ba. Na ranar farko tsararo, na biyu gudaji, na uku sai da aka yanka shi da cokali. Yanzu an ce mai ƙosai da mai koko na bakin hanya har gaisuwar girma suke yi maka.

Ban da fitsarin kwance, wanda a ɗari yake ninkuwa saboda ba mai son fita daga bargo. Katifa kullum tana kan katanga. Masu wucewa sun daina tambaya.

Amma ka san abin da ya sa na ɗauki alƙalami? Ba rashin iyawarka ba ne. Na san ka a fadama. Na ga yadda kake yi da irin albasa tun yana bedi: ka rufe shi da ciyawa kada rana ta ƙona shi, ka yayyafa masa ruwa da sassafe a hankali kada ƙasa ta tone, ka san ranar da ya isa dashe, ka leƙa ganye ka gane ƙwari sun shiga tun kafin maƙwabcinka ya lura. In an cire, ka shanya, ka tsince mai rauni, ka jera sauran a rudu yadda iska za ta ratsa, kana kai-komo kana shinshinawa ko ɗaya ta fara ruɓa, har lokacin da farashi zai tashi 'yan kudu su zo da manyan motoci. Mutumin da ke fita cikin duhun asuba, hazo ya rufe hanya, don kada injin ban-ruwa ya makara, ba zai ce mini sanyi ne ya hana shi ɗora ruwan wankan 'ya'yansa ba. Haƙurin reno kana da shi, taubashi, albasa ce ta cinye. Ka san adadin buhunan da ka ɗaure bara ba tare da duba takarda ba. In tambaye ka, ina katin riga-kafin na goye yake? A watan Disamban 2024 aka fara yi wa jarirai allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, kuma da jiharmu da Bayelsa aka fara. Naka ya karɓi nawa? Kada ka amsa, na san sai ka buga waya Maiyama.

Akwai wurin da zan ajiye wasa, ka saurara da kyau. An ce da dare kana shigar musu da kaskon gawayi ɗaki, ka rufe ƙofa, ka toshe taga da tsumma. Ka daina. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana kwantar da mutum cikin barci, kuma ƙananan yara ta fi saurin kayarwa. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a bar 'yar kafa. Rigunan sanyin nan na gwanjo kuma yawancinsu zaren roba ne, tartsatsi ɗaya ya ishe su kamawa su manne a fata, don haka mai jin ɗumi ya ja baya da murhu. Tukunyar ruwan zafi ba a sauke ta a hanyar mai gudu.

Tari da majina kuwa abokan hunturu ne, ƙura ce da bushewar iska. Na ji maganinka, wai a yanka albasa a ajiye a gefen matashi. Ku mutanen Aliero ko kunama ce ta harbi mutum albasa za ku miƙo masa. In tarin ya zo da zazzaɓi, yaro yana numfashi da sauri, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, wannan ya wuce albasa da man zafi, asibiti za ka nufa ko da tsakar dare ne. Haka in wuya ya sage da zazzaɓi mai zafi. Ba mu manta watan Maris na 2025 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta sanar da rasuwar mutum 26 a Gwandu da Jega da Aliero bisa zargin sanƙarau. Ciwon yakan biyo bayan ƙurar nan ne, lokacin da hanci da maƙogwaro suka bushe, ana kuma cunkushe a ɗaki ɗaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare mana sauran.

To, mu koma inda muka tsaya. Wai har kana cewa ɗarin bana ba a taɓa irinsa ba. Kowace shekara haka kake faɗa. Iskar nan daga arewa maso gabas take tasowa, ta kwaso ƙurar hamadar Chadi ta juye mana a kwanon miya, tun kakanninmu haka take yi daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Awon sanyin da ke sa ka naɗe kai da rawani biyu bai wuce wajen digiri 15 da asuba ba. Mutanen Rasha da suke kai yara makaranta cikin ƙanƙara in suka ji labarinka sai su aiko maka da ta'aziyya. Nan da Afrilu kuma, zafi ya haura 40, kai ne za ka fara kwana a waje kana roƙon Allah ya dawo da hunturu.

Abu ɗaya zan yaba maka, kada a ce 'yar kawunka ba ta da adalci. Goggo ta ce da dare, bayan an ci tuwon da maƙwabta suka tausaya suka aiko, yaran sukan taru a jikinka cikin bargo ɗaya su ce sai ka yi musu tatsuniya. Ta ce ka fara ta Gizo da Ƙoƙi, ka manta tsakiyarta, ka ɗauko Gizo ka kai shi noman rani, har ya ci bashin taki. Ta tsakiya ta ce ba haka Inna take yi ba, amma ba wanda ya tashi, kuma kai ka riga su yin barci. An ce yanzu ƙaramin ba ya yarda kowa ya sa masa hula sai kai, duk da a karkace kake sa ta.

Na ji kana shirin zuwa ɗauko uwargida tun kafin kwanakin da ta ɗiba su cika. Ka tuna hanyar Maiyama daga Aliero ta Jega ta bi, ba ka da wata. Ka tsaya ka sauke mini buhu guda, ja mai kyau, ba tsintar ƙasan rudu ba. In ba haka ba, zan riga ka buga mata waya in ce yara suna nan lafiya ƙalau, babansu ya ƙware, ta zauna har a yi arba'in. Lissafin shara kuma yana nan tsakaninmu, sai watan cika-ciki.

Ka gaida Goggo, ka goge wa ƙaramin hanci.

Taubashiyarka ta Jega.